Wuta Tana Wurin Buba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka a Sabon Birni, zuwa ga Abba.

Gaisuwa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a Ibadan, ya tsare ka da abokan tafiyarka daga sharrin hanya, tun daga tashar garinmu har inda mota za ta sauke ku. Ni na ce wa innarka ta cusa ta can ƙarƙashin kayanka, don ba na so ka karanta ina kusa. Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina kake ɗauke da shi, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Zama mu yi doguwar magana ido da ido ni dai ban iya ba, kai ma da na shigo zaure sai ka fara neman ƙofa. To bari in rubuta.

Na san kana shan taba.

Kada gabanka ya faɗi, ba faɗa za ni yi ba. Na sani tun kafin innarka ta sani. Mutumin da ya sha taba shekara da shekaru ba a ɓoye masa ita da alewar minti da turare; a hularka nake jin ta duk safiyar da ka durƙusa gaishe ni. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da innarka ta kawo mini. Ta ce ka gaya mata kana so ka bari, ka gwada a azumin da ya wuce har ka kai bayan salla, sannan ta sake kama ka, ka ce mata kai dai ka ga alama ba ka da zuciya. Wallahi na ji daɗi da na ji kana so ka bari. Amma na ji tsoro ƙwarai, don za ka tafi garin da babu idon kowa a kanka, da wannan tunanin a ranka. Ina tsoron ka dawo mini da tarin da na sani.

Ka yi wayo ka same ni ba na sha, don haka ba ka san wancan mahaifin naka ba. A kara na koye ta, wato kasuwar dabbobi, wurin dillancin bisashe. A zamaninmu in ciniki ya faɗa, dillali ne ke zaro kwali ya miƙa wa mai sayarwa karan taba ɗaya, mai saye ɗaya, shi ma ya ɗauki ɗaya, a ce Allah ya sa albarka. In kasuwa ta yi kyau ka sha don murna, in ta lalace ka sha don haushi. Sai da ta kai ni, a watan azumi, ana kiran magariba kafin dabino ya gama sauka na zagaya bayan katanga. Innarka na nan zaune da kunu yana hucewa.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka abin na jarumta ne, kuma namiji shi kaɗai yake yin sa. Wata rana a gonarmu ta Gangara na ɗaga hannu na rantse na bar taba har abada. Babu wanda ya ji sai Allah da jakina. Kafin gero ya fitar da kai na karya rantsuwar, na yi kaffara a ɓoye, na koma sha fiye da da, don yanzu ga taba ga kunyar kaina. Na sake gwadawa, na sake faɗuwa, kuma duk a ɓoye, babu mai ce mini sannu da ƙoƙari, babu mai ce mini tashi. Irin maganar da ka gaya wa innarka, ni ma na gaya wa kaina ita. Saboda haka kada ka rantse, Abba, kuma kada ka yi abin nan kai kaɗai. Ka buɗe baki ka gaya wa mutane kana so ka bari, ko da za su yi maka dariya.

Ni mutum ne ya fitar da ni, kuma ka san shi. Buba na Kurawa, dogon nan mai malafa da ke zama gindin tsamiya bayan kara, wanda kuke ce wa Baffa Buba. Bafillace ne da ya ajiye sandar kiwo ya dawo dillanci tare da mu, muna bin kasuwanni tare. A lokacin duk cikinmu babu mai shan taba kamarsa. Ran nan a kasuwar Isa wani bijimi ya tsinke igiya, Buba ya bi shi da gudu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin garke a ƙafa, bai kai ƙarshen kara ba sai ga shi durƙushe yana tari, wasu ne suka kamo bijimin. Ya tashi ya kakkaɓe riga. Da kasuwa ta zagayo sai ya kira mu gindin tsamiya, ni da taubashina Babanka Lawali da wasu dillalai biyu.

Ya ce, "Ku ji, jama'a. Ni dai tabar ga ta ci ni. Ban ce kowa shi bari ba, wa'azi ko ban iya shi ba. Abu guda nika roƙo. Tabarku ta tsaya aljihunku, ashana da laita ku ba ni in riƙe. Wanda duk ka son wuta shi taho wurina, wallahi ba ni hana shi. Amma sai mun gaisa tukun."

Lawali ya tuntsire da dariya ya ce, "Gaisuwa ɗai? To ai wanga ba wuya." Shi ya fara jefa masa kwalin ashanarsa, mu ma muka bi, duk muna ɗaukar abin wasa. Mun manta da wa muke magana.

Ba a daɗe ba na ɗanɗana. Wani mutumin Turba ya fasa sayar da saniyarsa bayan na wuni ina lallashin mai saye. Raina ya ɓaci, na saƙala kara a baki na nufi tsamiya.

"Buba, wuta."

"Madalla, ga ta nan. Ina wuni?"

"Lahiya. Ba ni."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Buba, don Allah."

"Za ni ba ka, ai na yi alkawali. Ina gida? Tsohuwa hwa, ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

Dole na zare karan daga baki, don ba a amsa gaisuwar uwa da taba a leɓe. Na ce ta yi sauƙi, sai dai in an yi sanyi. Ya ce a gwada mata man shanu da ɗumi. Ya tambayi innarka. Ya ce, "Mai sunan Baba hwa, zazzaɓin ya sake shi?" Kai ke nan, lokacin ko makaranta ba ka shiga ba. Ya tambayi gero, ko tsuntsaye sun bar mana wani abu. Ya tambayi rijiyar da na ce za ni yashe. Ya ce, "Jakin nan naka mai cizon mutane, yana nan da halinai?" Sai ga ni ina ba shi labarin yadda jakin ya kama wa maƙwabcinmu riga, muna dariya, ban ma san sa'ad da ya danƙa mini ɓarin goro ba. Da ya ƙare kaf, ya miƙo ashana ya ce, "To ga wuta." Na dubi karan da ke hannuna, na ji abin da ya koro ni ya riga ya wuce. Na mayar da shi aljihu na koma bakin aikina.

Abin da har yau yake ba ni mamaki game da mutumin nan, gaisuwarsa ba ta fatar baki ba ce. Duk abin da ka gaya masa yana riƙe da shi. In ka ce akuyarka na da ciki, bayan wata zai tambaye ka me ta haifa. Ka zo neman wuta a fusace, ka tashi ka ji akwai wanda ya san damuwarka ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin mai haƙurin Buba ba, kuma ina faɗa da babbar murya, bayan iyayena babu wanda ya yi mini abin da ya yi mini.

Sannu a hankali kara duka ta shiga cikin maganar. Ka je wurin mai shayi ka ce ya ba ka garwashi, sai ya ce, "Wuta na ga Buba." Mai tsire ma haka, yana dariya yana kare tukubarsa da hannu. A gida kuwa innarka ta ƙulle ashanar girki a bakin zanenta. In na fara zagaye murhu sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, ka kira Buba." Lokacin wayar hannu ta fara yawa, sai in kira shi, ya yi mini gaisuwar nan tasa daga Kurawa, shanu na kuka a bayansa. Allah ya saka wa innarka, ta sha ƙuncina a watannin nan, don mai barin taba ba shi da daɗin zama.

Kada ka ɗauka kullum gaisuwa ke yin nasara. Akwai ranakun da za a gama tambayar kowa da komai, ka ce har yanzu kana so. To Buba da kansa zai ƙyasta, ya kare iska da tafin hannu, ya kunna maka, ya ce, "Allah shi kai mu gobe." Ba ya ɓata fuska, ba ya gaya wa kowa. Gobe ka dawo ya karɓe ka kamar jiya ba a yi ba. Ni ma ya kunna mini ba sau ɗaya ba. Amma tazarar ta yi ta faɗi, har ranar da na sa hannu a aljihu na tarar kwalin ya murƙushe ban san yaushe ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kwaɗayin nan zuwa yake ya wuce, kamar hadarin da iska ke korewa, in ka sami wanda zai zauna da kai har ya wuce. In kuma ka zame ka sha, ba ka koma farko ba. Ka koma wurin mutanenka da ƙafarka, kada kunya ta hana ka.

Yanzu kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko nauyi.

Da na ga na bari, sai kaina ya kumbura. Na zama mai wa'azin da Buba ya ce bai iya ba, in na ga mai shan taba har toshe hanci nake, ni da ban daɗe da barin bayan katanga ba. Babanka Lawali kuwa abin ya fi ba shi wuya. Ka san ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma tsakanin taubasai babu fushi: duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya wasa ne, wanda ya ɓata rai shi ne abin dariya. Lawali ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya daɗe bai sha ba. Sai ƙaramar 'yarsa ta kwanta ciwo, hankalinsa ya tashi. Ran kasuwa na hango shi gindin tsamiya, an gama gaisuwa, Buba na kunna masa. Maimakon in kau da kai, sai na tafa hannu na ɗaga murya yadda kara duka za ta ji.

"Jama'a ku taho ku gani! An tada injin niƙa! Mai hatsi shi kawo, ga hayaƙi ya tashi!"

Aka fashe da dariya. Lawali ya fi kowa dariya, har da nuna ni da yatsa yana cewa zai rama. Me zai yi? Taubashi ne, al'ada ba ta ba shi damar nuna ya ji ciwo ba. Sunan ya bi shi, duk inda ya gifta sai ka ji an ce Injin Niƙa. Kasuwar da ta biyo baya ya sayi sabuwar laita. Bai sake zuwa gindin tsamiya neman wuta ba.

Ranar ce kaɗai na ga ran Buba ya ɓaci. Ya same ni ina ɗaure wani ɗan maraƙi, ya tsaya a kaina, ko gaisuwa bai yi ba, shi da gaisuwa ce sana'arsa. Ya ce, "Ni ina riƙon ashana don mutum shi taho wurina ran da yag gaza. Kai ka sa ba shi sake tahowa. Wasan taubashi halal na, amma ba ran da ɗiyatai ka kwance ba." Ya juya ya tafi. Na so in je in ba Lawali haƙuri, to amma ta ina? Da na fara sai ya mayar da ita wasa, ya ce wane ciwo, ni ma sai in bi shi da dariya don in huta. Daga baya ya koma Ibadan da cinikin albasa. Muna waya har gobe, muna zagin juna kamar yadda muka saba, amma ina jin ƙarar laita a cikin wayar, ina jin ya kau da baki ya yi tari mai tsawo sannan ya dawo ya ci gaba da tsokanata. Duk sa'ad da na ji tarin nan sai in tuna tafin da na yi.

Don haka in Allah ya taimake ka ka bari, kada ka yi irin nawa. Wanda ya faɗi a gabanka ka kau da ido daga tabar, ka tambaye shi mutanen gida. Kuma ka lura da mai yawan dariya in ana tsokanarsa, ba kowace dariya ce ta jin daɗi ba.

Buba yana nan inda ka san shi. Ya tsufa, ya bar dillanci, amma ran kasuwa sai ya zo da tabarmarsa da wani tsohon gwangwanin madara cike da laitoci. Yanzu 'yan kabu-kabu da masu lodin mota ne ke kawo masa nasu, waɗanda suka bari kuma su zauna kusa da shi su taya sababbi hira. Babu wanda ya naɗa shi, babu mai biyan sa. Shekaranjiya na je na same shi, bayan mun gaisa, kuma ka san abin da hakan ke nufi, na gaya masa za ka tafi Ibadan, na gaya masa halin da kake ciki. Ka yi haƙuri na faɗa ba da izininka ba, amma bakinsa ba ya yoyo. Sai ya zazzage gwangwanin a tabarma, ya tono wani tsohon kwalin ashana daga ƙasa, ɗaure da baƙin zare.

Ya ce, "Wanga na Lawali na. Ban yada shi ba, na ce wata rana shina tahowa."

Na ce to ai ga shi bai zo ba.

Ya ce, "To a kai mai. Kuma yaron ga shi ba Lawali laitatai shi riƙe mai."

Na ce, "Haba Buba, mutumin da shi kansa bai bari ba?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai kana tsammanin na bari ran da nit tara ashanarku? Wallahi ban bari ba. Ni nah hi ku duka son ta. Amma ina zaune da wutar mutum huɗu cikin aljihu, kowane lokaci wani na iya tahowa shi iske ni. Da wane baki za ni tambayi tsohuwarka? Ku kunka raba ni da ita, ba ku sani ba."

Shekarun nan duka ina ganin shi ya ɗauke mu, ashe shi ma jingine yake da mu. Na tashi daga wurin nan girmansa ya ƙaru a idona.

To ga abin da nake roƙon ka. Kwalin yana cikin wannan takarda, ashanar ciki ta daɗe da mutuwa, ko ka ƙyasta ba za ta kama ba. In ka huta ka je wurin Babanka Lawali, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ba shi, ka ce in ji Buba. Sannan ka zaro laitarka ka ajiye a gabansa, ka ce kana so ka bar taba, ya riƙe maka. Na san da nauyi yaro ya yi wa babba wannan magana, amma Lawali ba mai nauyi ba ne, a wuyansa ka yi wayo. Kada ka ce masa ya bari, kada ka dubi aljihunsa. Ka dai riƙa zuwa. Ka kuma nemi sa'o'inka a can masu irin niyyarka, ko mutum biyu ne, ku riƙe wa juna. In tari ya kama ka ya ƙi saki, ka je asibiti, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Shi kuma Babanka Lawali ka ce masa taubashinsa ya ce abin da ya yi a kara bai kyauta ba, kuma wannan saƙon ba wasa ba ne. In ya yi dariya ka bar shi ya gama, ka sake faɗa masa.

Saura abu ɗaya. Akwai ranar da sha'awar taba za ta taso maka, Lawali ba ya kusa, abokanka ba sa kusa. Ka kira ni. Ba sai ka ce komai ba, ka ce ina wuni kawai, za ni gane. Ban iya kiran sunanka ba, ban iya zama da kai ba, amma na yi shekaru a gindin tsamiyar nan, na iya gaisuwa. Za ni tambaye ka gajiya, da masauki, da abincin abokan wasanmu Yarbawa ko ya karɓe ka, da duk wanda ka sani a garin nan ɗaya bayan ɗaya, ba kuwa za ni ajiye wayar ba sai ka ce mini ta sake ka. In kuma ba ta sake ka ba, gobe ka sake kira, za ni ɗauka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka abokan kirki, ya buɗe maka ƙirjinka da kasuwarka, ya dawo mana da kai lafiya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Buba ma ya ce a gaishe ka, amma takardar ba za ta ɗauki tasa ba.

Ni ne mahaifinka.